Dutsen Kura da Miyar Kuɓewa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Yaya!

An yi wani Kurege mai lambun kuɓewa a gefen rijiya, kan wani tudu. Da rani ya tsananta, sai Kura ta gayyato danginta suka jawo wani faffaɗan dutse suka rufe bakin rijiyar. Ta hau kai ta miƙe ƙafa.

"Mai son ruwa ya kawo nama."

Kurege ba shi da nama. Kuɓewarsa kuwa ta fara langaɓewa, ita ce abincin 'ya'yansa har damina.

Ya je ya roƙi Sa da Jaki, su ma ƙishirwa ta ishe su. To amma su biyun ba sa ga maciji, ko inuwa ɗaya ba sa zama. Sa ya tsaya gabas, Jaki ya tsaya yamma. Wannan ya tura, wancan ya tura. Dutse ko gezau.

Kura ta kece da dariya. "Ku ƙara, 'yan samari, kuna yi mini tausa!"

Kurege ya riƙe kai. "Haba Kawu Sa, haba Kawu Jaki! Ƙarfin wannan yana cinye na wancan. Ku dawo gefe ɗaya."

"Ni kusa da wannan mai kukan banza?" in ji Sa.

"To ka rufe ido."

Suka jeru, kowa ya kau da fuska. Wannan ya tura, wancan ya tura. Dutse ya yi ƙiii, ya matsa kaɗan, ƙasa ta riƙe shi gam.

Kurege ya tsuguna ya leƙa. Ashe tsakuwa da burji ne suke cizon gindin dutsen. Ya dubi lambunsa. Sai ya tsinke 'yar kuɓewar da ta rage, ya dafa babbar tukunya da ɗan ruwan da ya rage a randarsa, har da kanwa don yauƙi ya kai yauƙi.

"Gwaggo Kura, nama ya gagara. Ga miya ki taɓa."

"Ɗan albarka! Miƙo."

Ya cika mata ƙwarya. Tana lasa tana lumshe ido, shi kuwa yana ɗura sauran a ƙarƙashin dutse, yana malala ta har gangare.

Ya ƙyafta wa su Kawu ido. Wannan ya tura, wancan ya tura. Suuu! Dutse ya zame, Kura ta yi baya ta faɗi rigingine a kai, ƙwarya ta kife mata a fuska.

"Kai, dutse, tsaya!"

Ina! Abin da ya sha wuya kafin ya tashi, ai ba da baki ake tsayar da shi ba. Ba mai tura shi yanzu, amma gudu yake.

"Dutse, don Allah tsaya!"

Kurege ya ɗaga murya: "Gwaggo, a gaida mutanen gangare!"

"Dutse, na ce ka tsaya!"

Sai ga kututturen kuka. Gum! Dutse ya tsaya. To amma wa ya gaya wa jikin Kura an iso? Kun ga yadda fasinja ke dungure in direba ya taka birki? Haka ta wuce, fiii, ta sama, sai tsakiyar sarƙaƙiya, ɗuwawu ne ya fara sauka. Tun ran nan ƙafafunta na baya suka gajarce, take tafiya kamar mai neman wurin zama.

Kurege ya zura guga. Ya shayar da su Kawu, sannan ya bi kunya kunya yana ba kuɓewa ruwa. Kafin sati ta yi sabon fure.

To yara, in za ku tura abu mai nauyi, ku tsaya gefe ɗaya ko da kun yi faɗa. Wanda kuma ya zauna kan abin mutane, ya sani ranar da abin ya tashi, da shi zai tafi.

Ƙurunƙus kan kututturen kuka! Wanda ya fara gyangyaɗi, shi zai kwashe toka.