Dunƙulen Ƙarfe na Bakwai

Arzika, Nomau, ku ajiye akushin nan ku matso. Ke ma Kulu, bar wanke-wanken. Kun yi gemu kun aurar da 'ya'ya, na sani, amma yau tatsuniya zan yi muku, tun da magana a miƙe ta ƙi shiga kunnenku.

Ga ta nan ga ta nanku.

Ban ji ba. Bakinku ciwo yake?

"Ta zo mu ji ta, Inna."

Wani gari ne mai ganuwa da ƙofa huɗu. Maƙerinsa ɗaya, sunansa Barmo, yana da mata Tababa da 'ya ɗaya Lantana. Duk rani sai ya dafa tama, ya sami dunƙulen ƙarfe bakwai. Ko ya kwana yana zuga, bakwai ne, ba ƙari. Dunƙule ɗaya kuwa garma ɗaya yake yi, ko mashi ɗaya. A ƙasar nan ƙarfe shekara guda yake ya cinye, sai a sake sabo.

A kurmin bayan gari akwai Dodo. Ba ya tsoron komai sai tsinin mashi. In ya shigo gari rumbu yake ci. In bai tarar da rumbu ba, ya ci mutum.

Shekarar farko Sarkin Noma ya zo maƙera. Ya ce, "Barmo, mashi ake tuƙawa? Yi mana garma bakwai."

Sai Barmo ya yi. Aka yi noma har bakin kurmi. Gero ya yi kyau, rumbuna suka cika har ana zuba dami a soro. Rannan da yamma sai kaji suka yi tsit. Sai aka ji ƙasa tana amsawa, dim, dim, dim. Dodo ya shigo ta ƙofar gabas, ba wanda ya tare shi. Ya ɗaga rumbu ya kwankwaɗe, ya ɗaga wani ya kwankwaɗe, sai da ya bar musu biyu kacal. Ya lashe baki ya ce, "Manoman kirki! Baɗi ma ku yi mini haka."

Shekara ta biyu Sarkin Baka, shugaban maharba, ya zo yana huci. Ya ce, "Kun ga abin da garma ta jawo? Mashi bakwai!"

Sai Barmo ya yi. Sarkin Baka ya ce bai isa ba. Aka kawo tsofaffin fartanyu da suka dakushe, aka narke, ba wanda ya ji zafi. Ya ce a ƙaro. Aka kawo lauje da gatari, nan mutane suka fara tsaki. Ya ce a ƙaro. Aka kwashe wuƙar yanka kuɓewa da allurar mata, duka gari, aka narke, abin da ya fito bai kai tsinin mashi ɗaya ba.

Tababa ta ce, "Maigida, da me za mu yi noma?"

Ya ce, "Da farce, Tababa. Haka manya suka ce."

Damina ta sauka, ciyawa ta cinye gero. Kaka ta yi, Dodo ya zo, dim, dim, dim. Ya ga mashi a kowace ƙofa. Bai yi fushi ba. Sai ya koma bakin kurmi ya zauna, ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Ku tsare ni da kyau. Ƙanwata Yunwa tana ciki tun jiya, ita mashi ba ya huda ta. Ita za ta turo mini ku."

Haka kuwa aka yi. Aka ci dusa, aka ci ganye, aka kai ga babu. Mutane suka fara sulalewa ɗaya ɗaya suna neman tafasa a bayan ganuwa. Lantana ta kwana uku tana kukan ciki. Sai Tababa ta ɗauki ƙwarya ta fita. Da la'asar iska ta gangaro da ƙwaryar har bakin ƙofa, ganye uku a ciki.

Shekara ta uku kowa ya yi laushi. Aka ce a raba. Barmo ya yi garma uku, ya yi mashi uku. Saura dunƙule ɗaya, gawayi kuma saura kwando guda. Ga ƙofa huɗu, mashi uku. Ga garma uku, abin da za su noma cin gari ne kawai, babu rarar rumbu ko ɗaya.

Barmo ya sa ƙarfe a wuta, Lantana tana zuga. Ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera, ya ɗaga masaba. Sarkin Baka ya riƙe hannunsa. "Mashi! Ƙofar da ta rage ta bayan gidanka ce, ka manta?"

Sarkin Noma ya ce, "Garma! Ka manta ƙwaryar matarka?"

Suna musu ƙarfe ya huce.

Sai aka mayar. Ya yi ja. Sarkin Noma ya ce, "Kai ka kashe rabin gari da yunwa, mai kwari!" Sarkin Baka ya ce, "Kai ka yi wa Dodo kiwo, mai tumbi!" Ƙarfe ya huce.

Lantana ta ce, "Baba, gawayi fa. Ka buga ko me ne ne."

Ya ce, "Bari manya su daidaita."

Aka mayar na uku. Suna ta cacar baki, wuta tana ci, har zuga-zugi ya koma hura toka. Gawayi ya ƙare. Itacen yin wani yana kurmi, wa zai je? Dunƙule ya zauna baƙi ƙirin, sanyi ƙalau.

Kaka ta yi. Kaji suka yi tsit. Dim, ƙofar gabas, mashi. Dim, ƙofar kudu, mashi. Dim, ƙofar yamma, mashi. Sai shiru. Sai Barmo ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa.

Dodo ya ce, "Ina rumbuna?"

Barmo ya ce, "Babu rara, ranka ya daɗe."

Sai ya rarumi dunƙulen ya jefa masa. Dodo ya cafe, ya jujjuya shi a tafi. Ya ce, "Mene ne wannan? Da mashi ne da ban shigo ba. Da garma ce da ka sallame ni da gero." Ya ajiye masa abinsa a hankali a kan uwar maƙera. Ya ɗauki Lantana daga bakin zuga-zugi, ya fita ta inda ya shigo.

Ƙurunƙus kan kusu. Ƙarya ce, amma ta san hanyar gidan nan. Ƙarfe ɗaya ba ya zama abu biyu, duk wanda ka zaɓa ka bar ɗaya. Wanda ya bari ya huce kuwa ya bar duka.

To, Arzika, kai ka ce a sayar da shanun huɗa a sayi bindiga, don an ga masu babura a dajin arewa. Ba ka yi ƙarya ba, ni ma ba na barci. Nomau, kai ka ce a yi huɗa, don jikokina goma sha ɗaya ba harsashi za su ci ba. Kai ma ba ka yi ƙarya ba. Amma mako uku ke nan kuna wannan musu. An yi ruwa biyu. Babu kunya ɗaya a gona, babu bindiga a zaure, shanu suna turke suna ramewa. Nan gaba ba za su ja garma ba, kuma ba mai taya su a kasuwa.

Ko a sayar da shanun duka biyun, ko a sayar da ɗaya a haɗa na biyun da san maƙwabci a yi huɗa, ni ban zaɓar muku ba. Kulu, zauna a bakin ƙofa, ke ce shaida. Kada wanda ya tashi daga tabarmar nan sai kun yanke.