Suna Ɗaya A Kan Garkuwar Tunkuɗau

Jama'a, ku gyara zama, mai shayi a hannu ya ajiye kofi, don yau shari'a na kawo muku. Tun da aka kafa garin nan ban ji an takura wa wani bawan Allah kamar yadda aka takura mini a makon nan ba. Ni Ila Mai Taya, mutumin da in ya tsaya bakin titi sai 'yan acaɓa sun rage gudu sun kalli karin hularsa, yau ni ne nake shiga shagona ta ƙofar baya. Na rame. Ku dubi wuyan rigar nan, da cika shi nake yi. Kuma masu wannan aiki ba maƙiya ba ne, aminaina ne su uku, sai da suka cece ni sannan suka hana ni sakat.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani wasa da muke yi a waya ta intanet, inda kowa yake renon mutum guda a wata daula ta dodanni. Wani ya ɗauki maharbi, wani mai magani. Ni mayaƙi na zaɓa, don shi ya fi kama da ni a ƙirji, na sa masa suna Tunkuɗau. Ranar da na same shi, daga shi sai gajeren wando da sanda. Da ɓerayen gona muka fara, muka koma kuraye, muka koma 'yan fashin daji, kuma duk yaƙin da ya ci sai ya ƙara ƙarfi ya hau mataki. Tun kafin azumin bara nake wannan reno, har ya kai mataki na arba'in da tara, ya yi sulke ya yi kwalkwali, in ya taka ƙasa sai wayar ta girgiza a hannuna. Saura taki ɗaya ya kai hamsin, inda ake ba mayaƙi garkuwar zinariya.

Hanya mafi kusa ita ce Kogon Baƙar Kunama, amma kogon yana da doka. Ba a dakatar da wasa a cikinsa. In ka ajiye waya, mutuminka zai tsaya ƙiƙam kamar turke tana ta harbinsa. Wanda kuma ya mutu a ciki, ya koma matakin farko, da wandonsa da sandarsa.

To ranar Asabar aka ɗaura auren ɗan ƙanena, ni ne wakilin ango. Kun san ɗaurin aure a unguwarmu, in an ce da an idar da azahar, sai inuwa ta juya kafin liman ya gama gaisawa da baƙi. Na zauna a sahun gaba, na ce maimakon zaman banza bari in rage aiki. Na tura waya ƙarƙashin babbar riga, na shiga kogo. Kunama ta ɗago ƙari ke nan, sai na ji muryar liman a kaina yana cewa wakilin ango ya matso. Ko gaisuwar bai tsaya yi ba. Dole na saki waya a kan tabarma na miƙa wa waliyyin amarya hannu, ina jin tana girgiza a gefen cinyata, kowace girgiza harbi guda ce a jikin Tunkuɗau.

Na farko cikin aminan da suka cece ni shi ne Zubairu, wanda yake zaune a bayana. Shi maharbi yake bugawa, bai taɓa riƙe takobi ba. Ya ga hasken waya ta gefen rigata, ya ga gumin da yake bin ƙeyata, ya gane. Ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya zare wayar, ya sulale ta bayan sahu. Lokacin jinin Tunkuɗau ya kusa rabi. Zubairu bai tsaya kai sara ba, ya yi ta zagaye da shi bayan duwatsun kogo kamar yadda maharba suke yi, yana kauce wa ƙari da yatsa ɗaya, yana tura saƙon neman agaji da ɗaya. Ba don shi ba, da kafin a ambaci sadaki an gama da mayaƙina.

Na biyu shi ne Lawwali, wanda aka ɗora wa rabon goro. Shi ba ya wasan ma, kullum cewa yake girma ya kama mu amma hankali bai iso ba. Ya tarar da Zubairu a ƙofar masallaci yana ɗaga waya sama, don jama'a sun cika, kowa da tasa wayar, sabis ya shaƙe, Tunkuɗau ya fara daskarewa a tsakiyar taku. Lawwali bai tambayi komai ba. Ya danƙa wa wani dattijo faifan goro, ya tayar da babur, ya ce, "Hau, kada ka ɗago kai." Ya ɗauke shi zuwa tudun bayan makarantar firamare inda sabis yake da ƙarfi, ta hanyar nan mai ramuka da kuka sani, kuma Zubairu ya rantse ko sau ɗaya yatsansa bai goce ba. Ba don shi ba, da wayar tana hannun gwani amma Tunkuɗau yana tsaye kamar gunki.

Na uku shi ne Hashimu, mai magani a wasan. Saƙon ya same shi a kujerar mai aski, an kwashe masa rabin kai, don shi ma ya ɗauka akwai sauran lokaci kafin ɗaurin aure. Dokar kogo ba ta bar mai kai ɗauki ba, in ya mutu shi ma sai ya koma farko, kuma mutuminsa ya fi nawa daɗewa a reno. Duk da haka ya ce wa mai aski ya dakata, ya shiga. Ya tsaya tsakanin kunama da Tunkuɗau yana sha masa dafi, da jinin ya zo ƙarshe kuma ya fasa masa kwalbar ruwan rai, wadda sau ɗaya ake samu, wadda ya daɗe yana ɓoyo don ranar kansa. Ba don shi ba, da gudun Zubairu da tuƙin Lawwali sun ƙare a kan gawa.

Ni kuwa ina gaban liman. Da na ce na karɓa wa ɗana, muryata ta yi rawa har hawaye ya zubo, mutane suna ta cewa ba su san ina son yaron nan haka ba. Ana shafa fatiha na tattare riga na nufi tudu a ƙafa. Na same su a gindin dalbejiya, Zubairu ya miƙo mini waya. Ga kunama a kife, ga Tunkuɗau a tsaye, mataki na hamsin, garkuwa tana walƙiya a hannunsa. Na zauna a ƙasa da sabuwar shaddata. Ban taɓa jin iska mai daɗin ta ranar ba.

Matsalar ita ce garkuwar tana da gurbin suna guda, na wanda ya tsaya wa mayaƙi ranar wuya, kuma in an rubuta ba a gogewa. Zubairu ya ce hannunsa ne ya yi yaƙin. Hashimu ya ce shi kaɗai ya sa nasa mutumin a wuta, ga shi ya je walima da rabin aski. Lawwali, wanda ko sunan wasan bai iya faɗi ba, ya ce shi ya sha faɗan dangi a kan goro, don haka Lawwali za a rubuta, da manyan baƙaƙe. Na ba su shawara a sa nawa sunan a huta, suka ce in na kuskura za su gaya wa ango dalilin kukana.

Na so in ɗora wa liman laifi, don wa ya aike shi cika alƙawari? Sai dai Malam Sabi'u da yake murmushi a can cikinku ya san abin da ya faru, don a gabansa aka yi, gara in faɗa da bakina. Ana saura kwana kaɗan biki, ni na tare liman a gaban jama'a na yi masa wa'azi a kan ɓata wa mutane lokaci, na ce a auren gidanmu ana sallame salla a fara, ko wa ya makara. Liman ya ce, "Na ji, Alhaji." Kowa ya ji, ni kaɗai na manta.

Gurbin nan yana nan fayau, ni kuma ina so in koma shiga shagona ta ƙofar gaba. To ku faɗa mini, tsakanin wanda ya riƙe takobi, da wanda ya riƙe babur, da wanda ya fasa kwalbarsa, sunan wa ya kamata ya hau garkuwar Tunkuɗau?