Barau da Motarsa Mai Kukan Tsako

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama. Labarin yau ni kaina sai da na sauke ajiyar zuciya da na ji ƙarshensa.

Akwai wani direba a garin Dungas, ana ce masa Barau. Shekara ashirin da bakwai yana tuƙi tsakanin Dungas, Malawa da Magarya, bai taɓa buge ko ɗan akuya ba. Gaskiya ya iya mota, wannan ba mai musu. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi mota kat-kat, irin mai tsayin nan da sai ka kama ƙarfe kake hawa. Tana cin rairayi ba gardama. Amma gabanta dogo ne, in kana zaune ciki ba ka ganin abin da ke ƙasa dab da ita.

A ƙofar gidansa akwai turken da matarsa Nazifa take ɗaure ragon kiwonta. Wata biyu da sayen mota, Barau ya daki turken nan sau uku. Na farko ya ce rana ce ta kashe masa ido. Na biyu ya ce an matsar da turken. Turken da ya shekara shida a wurin! Na uku kuwa ƙarfen gaban motar, wanda direbobi ke kira parshok, ya tsage ya sauko yana jan ƙasa.

Nazifa ta leƙo ta ce, "Maigida, yau ma turken ne ya taso ya tare ka?"

Barau ya ɗaure parshok da igiya ya nufi Magarya.

A garejin da ake yi masa gyara akwai wani mai aikin wayoyin mota, Malam Usmanu, mutum mai sanyin hali. Yana kallon ana ɗinke parshok, sai ya matso ya ce, "Alhaji, da ka bari na sa maka radar a gaba. 'Yan idanu ne guda huɗu, ana huda parshok a dasa su. In ka kusanci abu sai su yi ƙara, ko ba ka gan shi ba."

Wayyo, da ma bai faɗa gaban mutane ba. Barau ya miƙe ya gyara hula.

"Ni? Ni za ka sa wa abin 'yan koyo? Usmanu, ranar da na karɓi permin tuƙi kai ko keke ba ka iya ba. Idona ya fi wayoyinka gani."

Aka kwashe da dariya. Malam Usmanu ya yi murmushi ya koma kan aikinsa.

Ba a yi sati uku ba, ranar kasuwar Dungas, Barau ya zo ajiye mota ya hau kan wani kututture da ke gefen rumfar masu hatsi. Parshok ya sake tafiya, har da fitila ɗaya. Wannan karon rabin kasuwa sun gani.

Washegari da sassafe, tun kafin gareji ya cika, sai ga shi gaban Malam Usmanu yana sosa ƙeya.

"Abin nan naka... sa mini. Amma ka yi masa makunni, in ya dame ni in kashe."

Malam Usmanu bai tuna masa maganar rannan ba. Ya auna, ya huda, ya dasa idanun huɗu, ya ja waya zuwa ciki. Da ya gama ya ce, "Da ka taka birki suke farkawa. In abu na nesa za ka ji tsit, tsit, a hankali. In ya matso sai ƙarar ta yi sauri. Amma Alhaji, alfarma ɗaya nake roƙo. Duk ranar da ka ji ta riƙe ƙara ba yankewa, kada ka motsa. Sauko ka duba da idonka, ko kaza ce."

"Na ji."

"A'a, ka yi mini alkawari."

Barau ya yi tsaki ya ce, "To, na yi alkawari. Sai me?"

Daga nan fa aka shiga wani sabon babi. Hanyoyin ƙauye ba kamar na birni ba ne. Karan gero ya leƙo hanya, tsit-tsit. Jaki ya gifta, tsit-tsit. 'Yan kabu-kabu na tasha suka raɗa wa motar suna 'Yar Tsako. In ya tsaya sai wani ya ce, "Alhaji, a kawo mata tsaki ne?" Sau biyu ta riƙe ƙara ya sauko, na farko ya tarar da kaza, na biyu tsohon bokiti. Ran nan har fasinja suka tafa masa.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ce wa Nazifa, "Jibi zan je Magarya a cire mini wannan abin kunya. Gobe dai zan leƙa Inna in ɗauko gero."

Mahaifiyarsa, Inna Hinda, tana zaune a Dogo-Dogo. Ta tsufa, jikinta ya ƙanƙance, kunnenta kuma ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji. Barau shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yan da ta haifa, kuma duk faɗin ransa, a gabanta yaro ne.

Ya isa da hantsi ya ajiye mota a ƙofar gida, gabanta na kallon gabas. Aka ci abinci, aka yi hira, aka loda buhuna. Bayan azahar ya shiga ya yi mata sallama. Ta ce ya dakata, tana ɓare wa Nazifa gyaɗa. Ya ce, "Inna, bar shi sai wani zuwan," ya fita. A waje abokan ƙuruciya suka riƙe shi da surutu har aka kira la'asar, suka wuce masallacin da ke bayan motar.

Abin da bai sani ba, Inna ba ta bar ɓarar gyaɗar ba. Ta ɗauko ƙwaryarta ta fito neman inuwa, kamar yadda tsofaffinmu ke yi, inda inuwa ta koma nan suke komawa. Rana ta karkata yamma, inuwar motar ta zubo gaba. Nan ta shimfiɗa ɗan buhu ta zauna dab da parshok. Tana ɓara tana ɓara, gyangyaɗi ya ɗauke ta.

Barau ya fito masallaci ta bayan mota. Ya ja igiyar kaya ya ji ta ɗaure tam, ya bi ta gefe ya hau. Ya tada inji. Ya taka birki zai sa bitas, wato giya.

Tsiiiiiiii!

Ƙara ba yankewa. Ya duba ta gilashi: fili fetal, ba mutum ba dabba.

"Kaji kuma! Wallahi gobe sai an tumɓuke ki."

Ya kai hannu kan makunnin. Yatsansa na kai. Sai maganar Malam Usmanu ta faɗo masa: ko kaza ce. Ya yi alkawari, kuma yanzu ya fito daga salla. Ya ja tsaki mai tsawo, ya ja birkin hannu, ya diro yana shirin korar kaza da hula.

Yana zagayowa ya ga farin kallabi.

Inna ce zaune, kanta ya langaɓe, ƙwaryar gyaɗa a cinya. Tsakaninta da ƙarfen motar bai kai kamu biyu ba, ƙafafunta kuma a miƙe saitin taya.

Ya zube a rairayi yana "Innalillahi, innalillahi." Ya rarrafa ya kashe injin, ya dawo ya riƙe ƙafafunta. Mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ga shi yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Inna ta farka ta dube shi. "Kai lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna. Alhamdulillahi, ba kowa."

"To miƙo bakin rigarka in zuba maka gyaɗar. Na ce bari in zauna a gaba, yadda ba za ka tafi ba ka gan ni ba."

Ya ɗaga murya don ta ji. "Ban gan ki ba, Inna. Wallahi ban gan ki ba."

Washegari ya je Magarya kamar yadda ya ce. Amma sai da ya jira gareji ya cika, mutanen da suka yi dariya rannan duk suna nan. Ya kama hannun Malam Usmanu da hannu biyu, ya ba da labarin tun daga farko, bai rage komai ba.

"Malam Usmanu, na wulaƙanta ka a nan, a nan kuma nake neman gafararka. Abu ɗaya za ka cire mini."

"Radar ɗin?"

"A'a. Makunnin."

Har yau 'yan tasha na kiranta 'Yar Tsako. In sun faɗa, Barau dariya yake yi ya ce su ƙara, ai tsakon nan ne ya bar masa uwa. Gyaɗar kuwa Nazifa ta yi ƙuli-ƙuli da ita, ta aika wa Malam Usmanu rabi.

Darasi: Komai ƙwarewarka, akwai wurin da idonka ba ya kaiwa. Kada girman kai ya sa ka raina shawara don ta fito daga wanda kake ganin bai kai ka ba, kuma in ka yi alkawari ka cika shi ko da kana ganin abin banza ne. Direbobi, ku zagaya motarku ku duba kafin ku tashi. Ku tura wa duk mai mota da kuka sani, wataƙila inuwar motarsa ce wani ke zaune a ciki yanzu.