Gadar Rafin Marke da Fadamar Barau

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku.

Tun da aka karkatar da sabon titi, gadar Rafin Marke ta zama marainiya. Siminti ya tsattsage, rodi ya fito waje, kowa in zai haye sai ya yi bisimilla ya ce gobe za a gyara. Malam Barau kuwa akwai taurin kai. Matarsa Tabawa ta roƙe shi ya zagaya, tunda an kwana ana ruwa. Ya ce ai shi ya girmi gadar, ya kora jakinsa ya hau.

Tabawa na wanki a bakin rafi ta ji ƙara kamar aradu. Tana ɗaga kai, babu gada. Can ƙasa ta hango mijinta, wani katafaren siminti ya danne masa ƙafa, ruwa ya kai masa wuya, kuma ƙaruwa yake yi. Ihun da ta kurma ya kai har gona, inda 'ya'yanta uku ke noma.

Sallau, babbansu, ya faɗa ruwa da kayan jikinsa. Ya tallafi kan uban, yana hura masa numfashi duk sanda igiyar ruwa ta rufe su, ga rodi na yankar bayansa, bai saki ba.

Mati ya kwance shanun huɗarsa, ya ɗaura igiya a simintin, ya yi ta tsawa har simintin ya gusa. Bijiminsa ɗaya ya karye nan take, dole aka sa masa wuƙa.

Aka fito da tsoho jini na zuba, ido ya kafe. Gambo, autansu, ya goya shi a babur, ya bi doguwar hanya cikin taɓo har asibiti. Da aka ce sai jini, ya miƙa hannu aka ɗiba har ya suma.

Barau ya rayu, amma noma ya ƙare masa. Fadamarsa kuwa ƙarama ce, in an raba uku ba wanda za ta ciyar. Ya dubi matarsa ya ce, "Ni ban ga komai ba, Tabawa. Ke kika gani, ke za ki zaɓa."

Baiwar Allah kuwa ta san duk wanda ta ambata, ta ɓata da biyu.

To jama'a, in ku ne ita, wa za ku ba fadamar?