Shatin Yatsa a Ƙarƙashin Motar Habila

A wani gari an yi wani mutum mai suna Habila, tsohon direban babbar mota, irin mai bodin katakon nan da ke kwaso doya da masara daga ƙauyuka. Shekara talatin da biyu ya yi riƙe da sitiyari. Da ciwon baya ya matsa masa, likita ya ce ko dai ya sauka daga mota da ƙafarsa, ko kuwa wata rana a sauko da shi. Sai ya miƙa makulli ya dawo gida.

Matarsa Kande ta yi murna ƙwarai. Duk shekarun nan ita kaɗai take cin tuwonta, ita kaɗai take zuwa sujada, in an tambaye ta maigida sai ta ce yana hanya. 'Yarsu guda ɗaya, Bilhatu, ta yi aure tana birni. Kande ta sa kafinta ya gyara tsohon bencin da ke gindin mangwaro a tsakar gida. A ranta tana cewa yanzu kam za su zauna su biyu, tana ɓarar gyaɗa yana ba ta labarin garuruwan da ya gani. Abin da take so ke nan, ba ta roƙi wani abu da ya fi wannan ba.

Ina! Mutumin da ya saba da ƙarar inji ina zai iya zaman benci? Habila ya zauna kwana uku, ya tashi ya zaga gida, ya dawo, ya yi faɗa da kaji, ya ce miya ba gishiri. Har Kande ta gaya wa Bilhatu a waya cewa babanta ya zama kamar akuyar da aka ɗaure a bakin gona.

Ba a yi mako biyu ba Bilhatu ta aiko masa da wani kwali. Da ya buɗe sai ya ga 'yar ƙaramar mota ce ta roba, amma a wargaje, gutsattsari sun fi ɗari biyu. Ga takarda mai zanen yadda ake haɗawa, ga gam, ga ƙananan kwalaben fenti da buroshi. Habila ya yi tsaki, ya ce ashe har ya tsufan da za a aiko masa da kayan wasan yara. Yana cikin mita sai idonsa ya faɗa kan sitiyarin, ɗan mitsitsi, bai kai maɓallin riga ba. Ya ga giya, ya ga madubi, ya ga tayoyi shida. Irin motar da ya fara tuƙawa ce sak. Sai ya lalubo tabarau.

Ran nan ya kwashe buhunan masara daga ƙaramin ɗaki, ya kafa tebur a jikin taga. Ya riƙa yanko gutsattsarin da reza, yana goge bakinsu da samfefa, yana ɗiga gam da tsinke. Inji kaɗai mako guda ya ci masa. Da ya gama haɗa motar ya fara shafa wa ƙarƙashinta baƙin fenti, ya bar shi ya bushe, sannan ya ɗora ta a kan wani ɗan katako. Daga nan katakon yake juyawa, don kada hannu ya taɓa jikinta. Shi fenti yana da ka'ida: a shafa kaɗan, a bar shi ya wuni ya kwana, a sake shafawa. Wanda ya taɓa shi kafin ya bushe ya ɓata aikin kwana da kwanaki. Ku ji ni da kyau, ban ce laifi ne mutum ya iya aiki ba. Habila gwani ne, ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Wata safiya ya gama shafi na biyu na shuɗin fenti a kan motar ke nan, sai ga Kande ta shigo da kofin kunun gyaɗa. Rabonta da ganin motar tun tana gutsattsari. Da ta ga shuɗin kan motar nan da jan bodi, sai ta ajiye kofin, fuskarta ta washe.

"Baban Bilhatu, ai ita ce!" in ji ta. "Ita ce ta ɗauko ni da kayana ranar da aka kawo ni gidan nan. Nan na zauna, a gaba, kusa da ƙofa."

Tana faɗa tana miƙa hannu, ta ɗaga motar.

"Ke! Wa ya ce ki taɓa?"

Tsawar ta firgita ta har motar ta kusa suɓuce mata. Ta yi maza ta tallabo ta daga ƙasa, ta mayar kan katakon a hankali. Ga shatin babban yatsanta nan ɓaro-ɓaro a kan rufin. Ta dubi yatsan, ta goge shi a zaninta, ta ce ya yi haƙuri, ba ta san bai bushe ba. Ta fita. Kunun nan haka ya huce a kan tebur, ba wanda ya sha.

Kwana uku Habila ya yi yana goge shatin da samfefa, yana shafawa yana sakewa, har wurin ya koma sumul kamar ba a taɓa taɓa shi ba. A rana ta huɗu ya sa wa ƙofar ɗakin sakata daga ciki.

Daga nan Kande takan ajiye masa abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Da fari takan ɗan tsaya tana ba shi labari ta bayan ƙofa, wance ta haihu, zumuntar mata sun fara koyon sabuwar waƙa, rufin kicin yana yoyo. Shi kuwa amsarsa ba ta wuce "to" da "uhm". Da ta gaji sai ta daina. Takan zauna a bencin nan ita kaɗai da faranti a cinya, tana ɓarar gyaɗarta. A da in an tambaye ta maigida takan ce yana hanya. Yanzu sai ta ce yana ciki, ita kuwa ba ta ga wani bambanci ba. Ran Lahadi ma in sun je sujada, ana yin albarka zai sulale, ko gaisawa ba ya tsayawa a yi, wai zai je ya duba fenti.

Ana nan Bilhatu ta haihu, Kande ta shirya tafiya wankan jego yadda aka saba. Da safe ta zo bakin ƙofa da jakarta, ta ce ko zai raka ta tasha. A daidai lokacin Habila yana rubutu a goshin motar da mafi ƙanƙantar buroshi, yana kwaikwayon abin da ke rubuce a tsohuwar motarsa. In ya ajiye buroshin fenti zai daskare a bakinsa. Don haka bai zare sakata ba. Daga ciki ya ce ta gaishe su, Allah ya kiyaye hanya. Ya ji ta ɗan tsaya, sannan ya ji tafiyar silifas ɗinta, ya ji an ja ƙofar gida. Kun ji fa, mutum yana rubuta wa motar roba "Sauka Lafiya", matarsa ta aure kuwa ta ɗora jaka a ka ta tafi tasha ita kaɗai.

Makon farko ya ji daɗi, ba mai damunsa. A mako na biyu ya lura yana ɗaga kai da tsakar rana yana jiran ƙwanƙwasa, ba ta zuwa. Ya jiƙa gari ya sha a tsaye. Ganyen mangwaro ya taru a kan benci ba mai sharewa. Kewa ta kama shi, ta gaske, irin wadda bai taɓa ji ba ko lokacin da yake kwana a hanya, domin a da ya san akwai mai jiransa a gida. Maganarta ta riƙa dawo masa: nan na zauna, a gaba, kusa da ƙofa. Kunya ta rufe shi. Ya ƙudura a ransa cewa da ya gama zai kai mata motar har birni, ya ɗora mata a hannu, ya ce ta riƙe yadda ta ga dama.

Ranar da ya yi shafin ƙarshe, na ruwan nan mai sa sheƙi, a ranar Bilhatu ta kira.

"Baba, jikin Mama ba daɗi. Sai tambayarka take yi. Ka taso yau."

Habila ya dubi motar, tana ɗanya shar. Shafin ƙarshe sai ya kwana biyu kafin a iya sa shi a kwali. Ya ce a ransa ai zazzaɓin damina ne, kowa yana yi.

"Ki gaya mata jibi ina tafe," ya ce. "Zan kawo mata wani abu."

Bilhatu ta kashe wayar.

Jibi da safe ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya shimfiɗa auduga a cikin kwali. Yana shirin ɗaukar katakon sai ya ji sallama. Fasto ne da ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya. To, ku ma kun sani, akwai labarin da ba a gaya wa dattijo a waya. In ka ga fasto da dattijo sun shigo maka tare ran Talata da safe, sun tuɓe huluna tun daga ƙofa, ba sai an faɗa maka ba. Suka share ganye suka zauna a bencin Kande. Fasto ya ce masa sai haƙuri, Mama ta huta da asuba.

Habila ya tsaya yana kallonsu. Da ya buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Ai yau zan tafi. Ya bushe." Ba wanda ya gane abin da yake nufi.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, 'yan'uwa suka raba tufafinta yadda ake yi, kowa ya kama hanya. Da gida ya yi tsit Habila ya nemi zanin nan da ta goge yatsanta a jiki, bai same shi ba, ya tafi cikin rabo. Ya zare sakata ya shiga ɗakin. Ga mota tana sheƙi, ba tabo ko ɗaya. Ya matsa da katakon kusa da taga, ya sa tabarau, ya duba rufin ta nan, ya duba ta can, ko zai ga ɗan alamar wurin da yatsanta ya taɓa. Babu. Na gaya muku gwani ne, in ya goge abu ya gogu.

Zuciya ta ɗebe shi. Ya fizgi motar daga kan katako, karo na farko tun da ya ɗora ta, ya ɗaga zai maka ta da bango. Hannunsa yana sama sai ya ga wani shuɗi a ƙarƙashinta, a kan baƙin fentin. Ya sauke hannu ya juya ta. Shatin babban yatsa ne, tun daga ranar da ta tallabo motar don kada ta faɗi. Har da ɗan layin da ya ratsa tsakiya, inda wuƙa ta taɓa yankan ta wajen feraye doya. Habila ya zauna a ƙasa, ya ɗora yatsansa a kan nata, ya yi kukan da bai yi a bakin kabari ba.

Tun daga ranar motar a kife take zama, tayoyi suna kallon sama, ƙofar ɗakin kuma a buɗe. Duk wanda ya shigo gaisuwa ya tambayi dalili, sai Habila ya ɗauko ta ya danƙa masa a hannu, ya ce ya riƙe sosai.

To, 'yan'uwa, ga abin da wannan misali yake nufi. Motar nan ita ce aikin hannunmu, duk abin da muke so ya fita tsaf ba aibi. Na wani shagonsa ne, na wata tsabtar ɗakinta, na wani kuma, ku yi haƙuri in faɗa, aikin ikilisiya ne. Aikin ba zunubi ba ne, Allah ne ya ba mu hannu da basira. Sakatar nan ita ce matsalar. Shatin yatsa kuwa shi ne mutanen da Ubangiji ya ajiye kusa da mu. Sukan shigo a lokacin da bai dace ba, su taɓa abin da bai bushe ba, su ɓata mana shiri. Mu kuma sai mu ɗauki samfefa mu goge su, muna cewa tabo ne. Ubangijinmu bai yi haka ba. Marasa lafiya da ƙananan yara sun taɓa shi yana tsakiyar aiki, bai daka wa kowa tsawa ba.

Ku lura kuma, Habila ya tuba tun Kande tana da rai. Ya yi niyya mai kyau, har auduga ya shimfiɗa. Abin da ya cuce shi kawai, ya ce sai ya gama tukuna. Kande ba mota ta tambaya ba, mijinta ta tambaya. Mu ma haka muke yi wa mutanenmu, haka muke yi wa Allah, muna so sai mun gyara komai sumul sannan mu zo. Shi kuwa yana kiranmu ne yadda muke, da fenti a hannu.

Na san a cikinmu akwai wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa a makon nan ya amsa daga ciki. Akwai wanda ya ce wa wani jibi. In an tashi daga nan kada ka wuce ka duba fenti. Ka tafi wurinsa yau, tun yana iya jin sallamarka.