Buhun Iri da Igiyoyi Biyu

Akwai wani manomi da ɓeraye suka addabi rumbunsa. Da ya ga za su cinye irin da zai shuka da damina, sai ya zuba shi a buhu domin ya rataye. Ya ɗaura igiya a jikin wata bishiya a tsakar gidansa, ya ɗaura wata a ta kusa da ita, daidai kafaɗarsa, ya haɗa bakinsu a wuyan buhun.

Buhun ya sauko yana neman taɓa ƙasa. Sai ya ja igiyoyin har suka miƙe sambal. Bai kai ƙofa ba ya ji tas! Igiya ta tsinke, buhu ya fashe, kaji suka rufe iri.

Ya kwashe abin da ya ragu, ya ɗinke buhun, ya tsaya yana jujjuya guntun igiyar. Da igiya ɗaya ya saba ɗaga buhun nan, yaya biyu za su kasa? Ya sayo masu kauri, ya ƙara ja. Suka sake tsinkewa. Ya jinjina buhun, ya ji nauyinsa ma raguwa ya yi. Kansa ya ɗaure, har ya fara zargin ko sammu aka yi masa.

Ana nan sai kawunsa ya shigo.

Manomin ya ce, "Kawu, ni fa ban gane ba. Ina ƙara musu ƙarfi, suna ƙara tsinkewa."

Tsohon ya ce, "Ɗana, ai juna suke ja, ƙarfinsu a nan yake ƙarewa. Hau ka ɗaura su can sama, ka sassauta musu."

Bai gamsu ba, amma ya hau. Igiyoyin suka gangaro daga sama, buhun ya tsaya cak, har ruwan shuka ya sauka.

Ma'anar wannan misali ita ce: buhun shi ne nauyin gida, abinci da tarbiyyar yara da jinyar marasa lafiya. Igiyoyin su ne miji da mata. In kowa ya kafe a gefensa yana ja, za su gaji, su rasa dalili, domin nauyin bai ƙaru ba. Wanda ke faɗuwa kuwa shi ne abin da suke so su tsare. 'Yan'uwa, ku ɗaura zuciyarku a sama wurin Ubangiji, ku sassauta wa juna. Kayan da ya gagare ku jiya, yau za ku ɗauka ku biyu.