Najaka da Madarar Goshi

Dalilin da ya sa ɗan kangarun da aka rena a hannu ba ya shan madarar saniya, kuma da ya ga bakin jaka sai ya auka ciki da ka, shi zan gaya muku. Ku matso. Kangaru wata dabba ce ta ƙasar Ostareliya, mai dogayen ƙafafun baya, tana tafiya da tsalle, tana goyon ɗanta a wata jaka da Allah ya yi mata a ciki.

A da can, ɗan kangaru da ƙafa yake shiga jaka, a natse, kuma kowace madara aka ba shi sai ya sha ya yi ƙiba.

To, akwai wata tsohuwa mai kiwo a bakin daji. Sunanta na can ya fi ƙarfin harshena, mu ce da ita Goggo Lanti. Dukiyarta saniya ɗaya ce, Goshi, da maraƙinta. Wata shekarar fari gobara ta ci dajin, Lanti ta fita neman itace, ta tarar da uwar kangaru a mace, wani abu yana motsi a jakarta. Ta zaro shi, ɗan mitsitsi, gashi ma bai gama fito masa ba. Tausayi ya kama ta. Ta ɗinka masa jaka da tsohon zanenta, ta rataya a ƙofar ɗaki, ta sa masa suna Najaka. Tana tsoma tsumma a madara yana tsotsa, ba dare ba rana, har ya fara dira ƙasa yana bin ta a baya.

Ku da kuka taɓa ganin tatsa kun san ka'idarta. Ana sakin maraƙi ya fara tsotsa har madara ta sauko, a janye shi a ɗaure, a tatsi abin da za a tatsa, a bar masa rabonsa. Lanti ta san wannan tun tana yarinya. Amma cikin Najaka kullum ƙara faɗi yake yi, ga ciyawa babu. Sai ta koma sakin maraƙin ya sauko da madara, ta tatse hantsar tas, ta bar shi yana tsotsar fata. So ne ya rufe mata ido, ni kuwa ban yabe ta ba.

Goshi ta ce, "Goggo, dubi haƙarƙarin ɗana."

Lanti ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan, damina ta kusa."

Haƙuri dai ba ya cika ciki. Wata safiya aka saki maraƙin, ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Goshi ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta juya ta ga Najaka can tsakar fili, tumbi ya yi tsele, yana wasa da jelarsa. Ta fizge igiya, turken ya tumɓuke, ta nufi Najaka a guje.

Lanti ta yar da ƙwarya. Ta san ba za ta riga saniya isa wurinsa ba, sai ta figo jakar daga ƙofa, ta durƙusa, ta buɗe bakinta tana kiran sunansa. Najaka ya taho da tsalle, ƙasa na girgiza a bayansa, yana jin hucin hancin Goshi a jelarsa. Ina lokacin juyawa a sa ƙafa? Ya kifa kai ya auka ciki, ya wuntsila, ƙafafu a sama. Lanti ta rungume jakar ta runtse ido. Ƙahon ya tsaya daidai ƙirjinta.

Goshi ta ce, "Ajiye shi."

"Sai dai ki haɗa da ni. Maraya ne, ba shi da kowa."

"Kin ga maraya kin ji tausayi. Nawa da yake da uwa a tsaye, shi ne zai mutu da yunwa? Zaɓi ɗaya, Goggo. Ko ki ba ni shi, ko ki rantse shi da duk danginsa sun bar madarata har abada."

Lanti ta ce, "To me zai ci?"

"Abin da ɗana ya ci."

Lanti ta rantse. Goshi ta koma ta kwanta kusa da maraƙinta, ya kama nono a kwance.

Da rana ta take Najaka ya fara kukan yunwa. Lanti ta daure, ta daure, ta kasa. Ta leƙa ƙwaryar da ta yar, ta ga ɗan sauran madara a gindi, ta lakato ta sa masa a baki. Kafin la'asar zawo ya sarƙe shi, idanunsa suka yi fari-fari, kunnuwansa suka zube. Lanti ta yi kuka, don ta san da hannunta ta ba shi. Ta ɗauke shi ta nufi busasshen rafi, ta yi ta tono da farce har ta samu saiwar ciyawa mai ɗanshi. Ta miƙa masa, da ƙasar da komai. Ya kau da kai. Ta tauna ta sake miƙa masa. Can ya buɗe baki ya karɓa.

Ya rayu, maraƙin ma ya tashi, amma Goshi ba ta janye maganarta ba.

Shi ya sa har yau masu renon 'ya'yan kangaru ba sa kusantar da madarar saniya gare su. Wata madarar gari ta daban suke dama musu a kwalba, su haɗa da ciyawa mai saiwa da ƙasarta. Kuma ko a tsakar ɗaki ne, ba saniya ba dalilinta, ka buɗe wa ɗan kangaru bakin jaka ka gani. Da ka zai faɗa, ƙafafu a sama, don shi a zatonsa ƙahon Goshi yana nan a bayansa.